Revo Uninstaller: manhajar da ta rage min yi wa kwamfutocin mutane fomatin

Saura kwana 5 a raba wa yara katin sakamakon zango, wata Hajiya mai makarantar firamare ta shigo shagona rungume da kwamfutarta, damuwa ƙarara a fuskarta. Manhajar da suke haɗa makin yara da ita ce ta fara gardama, sai ɗanta, don ya taimaka, ya shiga Program Files ya goge foldarta gaba ɗaya da niyyar sake ɗora ta sabuwa. Da ya zo ɗorawa, ta ce masa akwai tsohuwa a kan na'urar, a cire ta tukuna. Ya koma wurin cirewa, Windows ta ce ba ta ga fayil ɗin da zai yi cirewar ba. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kafin Hajiya ta iso wurina ta biya ta wurin masu gyara biyu, duk bakinsu ɗaya: sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows.

"Malam, ni dai kada a taɓa min takarduna," in ji ta. "Aikin shekara uku ne a ciki, kuma wasu manhajojin wanda ya sa min su ya bar gari."

Shagona yana Samaru, a Zariya. Buga takardu muke yi, da fotokwafi, da ɗaurin furojet na ɗalibai, sai kuma gyaran kwamfuta ta ɓangaren manhaja. Ba na buɗe cikin na'ura. Idan allo ya fashe ko caji ya ƙi shiga, akwai masu wannan sana'ar, can nake tura mutum. Amma irin matsalar Hajiya tawa ce, kuma abin da na ɗauko mata a ranar shi ne filas ɗina mai ɗauke da Revo Uninstaller, manhajar da ke cire wasu manhajoji tare da ragowarsu. Na daɗe ina son in yi rubutu a kanta, sai dai Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Yanzu na yi shekaru ina aiki da ita kusan kowane mako, na san inda take da ƙarfi, na kuma san inda ya kamata a ajiye ta a ɗauko wani abu.

Abin da na fara yi wa Hajiya bayani shi ne dalilin wannan tirjiya, don na lura idan mutum ya fahimci ciwon, hankalinsa ya fi kwanciya da maganin. Na ce mata, "Hajiya, ai ke kin fi kowa sanin rajista. Yaro ne ya bar makaranta ba tare da sallama ba, sunansa yana nan a littafi. Ya dawo neman shiga, magatakarda ya buɗe littafi ya ce ai yana aji. An je aji a fito da shi, babu shi." Ta ce to ai sai a soke sunan. Na ce abin da za mu yi ke nan.

Windows tana da nata babban littafin, shi ake kira rajista. Tun zamanin Windows 3.1 a 1992 aka fara shi, ya bunƙasa daga Windows 95. Duk manhajar da aka ɗora sai ta rubuta wani abu a ciki: ga sunana, ga inda nake zaune, ga irin fayilolin da ni nake buɗewa, ga yadda za a cire ni. Akwai reshen da ya shafi na'urar baki ɗaya, HKEY_LOCAL_MACHINE, akwai kuma na mai amfani da ita a lokacin, HKEY_CURRENT_USER. Jerin manhajojin nan da kake gani idan ka je cirewa, Windows ba zagaya faifai take yi tana ƙirga su ba. Daga wani reshe mai suna Uninstall take karanto su, kuma a ƙarƙashin kowace manhaja akwai layin da ke nuna fayil ɗin da za a kira idan an zo cire ta. A kwamfutar Hajiya layin yana nan daram, yana nuni da wani fayil mai suna unins000.exe da ke cikin foldar da yaron ya goge.

Nan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba: Windows da kanta ba ta cire manhaja irin wannan. Kiran mai cirewar da kamfanin manhajar ya rubuta kawai take yi, ta koma gefe. Idan kamfanin ya rubuta shi da kyau, zai kwashe kayansa tas. Idan ya yi shi da ganganci, ko kuma da gangan ya bar saitinka don wata rana ka dawo, ragowar na nan a rajista, da cikin AppData, da ProgramData, foldoji biyu da suke a ɓoye, mai kwamfuta zai shekara bai taɓa ganin su ba.

Revo, wadda kamfanin VS Revo Group na ƙasar Bulgeriya yake yi, tana bin wannan hanyar ne sannan ta ƙara taki ɗaya. Ka zaɓi manhaja daga jerinta, ta fara ajiye wurin komawa na System Restore, wanda ake mayar da Windows gare shi idan abu ya lalace, sannan ta kira mai cirewar asali ta bar shi ya yi iya yinsa. Idan ya gama, ko ya gaza kamar na Hajiya, sai ta ba ka damar bincike. Ta bi rajista ta fito maka da duk abin da take ganin na wannan manhajar ne, ka duba ka zaɓa ka goge. Daga nan ta koma kan faifai ta fito da ragowar foldoji da fayiloli. Shi ke nan aikinta. Kafin in taɓa komai a na'urar Hajiya sai da na tambaye ta inda makin yaran yake ajiye, muka same shi a cikin Documents, na kwafe shi a filas biyu. Sannan na bar Revo ta yi bincikenta, na soke sunan daga littafi, na kashe na'urar na kunna, manhajar ta hau ba musu. Ba mu kai rabin awa ba. Fomatin ɗin da aka ce mata zai ci yini guda, da datar sauke sabuntawar Windows, da sauran manhajojinta da ba a san inda za a samo su ba.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake riƙe da ita. A kasuwarmu fomatin ya zama maganin kowace cuta. Kwamfuta ta yi tari, fomatin. Ta yi atishawa, fomatin. Na san dalili, domin ni ma da haka na fara: ya fi sauƙi ga mai gyara, ba sai ya yi tunani ba, kuma kuɗinsa sananne ne. Amma mai na'ura shi ke kwana a ciki. Na ga ɗalibin da ya rasa babi 3 na furojet ɗinsa don mai gyara ya kwafe Documents ya manta da abin da ke kan fuskar kwamfuta. Na ga dattijon da ya rasa hotunan aikin Hajjinsa. Duk abin da zai sa in gyara abu ɗaya in bar sauran yadda suke, ina girmama shi.

Binciken nata hawa uku ne: Safe, Moderate da Advanced. Na farko yana taɓa wuraren da babu shakka a kansu ne kawai, yana da sauri, amma yakan bar abubuwa. Na ƙarshe yana tona ko'ina, yana ɗaukar lokaci a kan tsohon faifai mai juyawa, kuma yawan tonon nan shi ke jawo ya haɗo da abin da ba nasa ba. Ni a kan na tsakiya nake zama kusan kullum. Ba na hawa na ƙarshe sai manhaja ta ƙi hawa bayan na gwada na tsakiya.

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suke jin ciwo. Idan bincike ya ƙare, Revo tana nuna maka rajistar kamar bishiya, reshe cikin reshe. Wasu layukan rubutunsu siriri ne, wasu kuma mai kauri. Masu kaurin su ne take zargin ragowa ne. Siraran hanya ce kawai da aka bi aka iso gare su, kuma ko ka sa musu alama, masu kaurin kaɗai take gogewa. Wannan tsari ne mai kyau, ya hana mutum tumɓuke babban reshe da kuskure. Sai dai a ƙasa akwai madannin Select All, kusa da shi kuma Delete, kuma hannun mai gaggawa nan yake zuwa. Ya kamata a gane cewa hasashe manhajar take yi. Sunan manhajar da na kamfaninta da wurin zamanta take bi tana neman abin da ya yi kama. Idan kamfani ɗaya yana da manhajoji uku a na'urarka, sau da yawa a ƙarƙashin reshe ɗaya suke, wani lokaci har da folda guda da suke tarayya a kanta. Ka cire ɗaya, a nuna maka kayan tarayyar, ka goge, sauran biyun su wayi gari suna neman abin da babu.

Ni kaina na taɓa ƙonewa, kuma laifin nawa ne. A farkon fara aiki da ita, wani mai ɗab'in katin biki ya kawo na'urarsa in cire masa tsohuwar manhajar zane ya sa sabuwa. Na hau bincike mai zurfi, na zaɓi duka, na goge ban karanta ba. A cikin foldojin da suka tafi har da wadda ya tara samfuran katunansa na shekaru, don ya saba ajiye su a cikin foldar manhajar. Da ya buɗe sabuwar ya ce, "Oga, ina zane-zanena?" sai da gabana ya faɗi. Abin da ya cece ni shi ne Revo kwandon shara take tura fayilolin da ta goge, ba ta hallaka su kai tsaye. Muka buɗe kwandon muka mayar da su cif. Tun daga ranar ba na goge folda sai na buɗe ta na ga abin da ke ciki, kuma ba na zubar da kwandon sharar abokin ciniki; nakan ce masa ya yi mako guda yana aiki, idan bai nemi komai ya rasa ba sannan ya zubar.

Akwai wata magana da nake so in faɗa ko da za ta rage wa manhajar kwarjini a idon wasu. Ragowar layuka a rajista, mafi yawansu, ba sa rage wa kwamfuta gudu. Mutane suna zuwa min da yaƙinin cewa rajistarsu ta cika da datti shi ya sa na'ura take jan ƙafa, don sun ga wata manhajar shara ta nuna musu jan rubutu da kurakurai ɗari-ɗari. Rajista tana ɗauke da layuka dubbai a kan dubbai, kuma Windows ba karanta ta take yi daga farko zuwa ƙarshe ba duk lokacin da take neman abu. Kai tsaye take zuwa inda take so. Layi 40 da wata manhaja ta bari, wanda babu mai kiran su, kwance suke kawai. Kamfanin Microsoft ma ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, kuma ba ya ba da tabbacin za a iya gyara ɓarnar da suka jawo ba tare da sake ɗora Windows ba. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Bambancin Revo da waɗancan shi ne ita manhaja ɗaya take bi, wadda kai ka nuna mata, a lokacin da ka cire ta. Ba ta shiga rajista da tsintsiya tana sharar duk abin da ba ta gane ba.

Ragowar da ke da illa ta gaske kaɗan ce, kuma ita nake nema idan na buɗe jerin. Layin da ya rage a reshen Run, wanda ke sa Windows ta nemi manhajar duk safiya ta rasa, ta fito da saƙon kuskure. Sunan da ya maƙale a jerin danna-dama, ka danna babu abin da ya faru. Fayil ɗin PDF ko na hoto da har yanzu yake neman manhajar da ta tafi ta buɗe shi. Wani aiki da aka bari yana tashi a bayan fage yana cin ƙwaƙwalwa. Sai irin na Hajiya, sunan da ke hana sabuwa hawa. A kan waɗannan Revo ta biya ni sau ba adadi. Amma idan kwamfutarka mai RAM giga 4 ce da tsohon faifai, kuma manhajoji 15 suna tashi tare da ita, ko ka wanke rajista da sabulu ba za ta yi gudu ba. Canja faifan zuwa SSD, irin faifan da ba ya juyawa, da rage masu tashi da safe su ne maganin, kuma haka nake gaya wa mutum ko da hakan na nufin kuɗin zai tafi shagon wani.

Abu na biyu da ya fi yi min amfani a cikin Revo shi ne Hunter Mode. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai tokumbo ne, wasu kuma suna zuwa da kayan masu su na farko ba a share ba. Za ka ga wata 'yar alama a kusa da agogo, ko wata taga da ke faɗowa da Jamusanci ko Faransanci, ba ka san sunanta ba balle ka neme ta a jeri. Idan ka kunna wannan yanayin, taga ta Revo tana ɓacewa ta bar wani ɗan tambari kamar na saitin bindiga. Ka ja shi da linzami ka ɗora a kan tagar ko alamar, sai ta gaya maka ko wace manhaja ce da inda take zaune, ta ba ka zaɓin cire ta, ko tsayar da ita, ko hana ta tashi da na'ura. Ba kowane lokaci take gane abin ba, amma ko wurin zaman kawai ta nuna min, na sami bakin zaren.

Inda nake ajiye Revo a gefe kuwa, na farko manhajojin riga-kafi ne. Waɗannan suna kafa saiwa har cikin direbobin Windows, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sassan na'ura, kuma an gina su ne don su hana a taɓa su, tunda abin da ƙwayar cuta take fara nema ke nan. Mai cirewa na gama-gari zai iya kwashe foldoji da layukan rajista ya bar direban tace intanet a maƙale, na'ura ta tashi babu intanet. Shi ya sa manyan kamfanonin suke da nasu kayan cirewa na musamman: McAfee suna da MCPR, Kaspersky suna da kavremover, Avast suna da Avast Clear. Da nasu nake farawa, wani lokaci a cikin Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, sannan in duba ko akwai abin da ya rage. Haka direban katin hoto, akwai Display Driver Uninstaller da aka yi don shi kaɗai. Direban firinta ma, wanda mu masu shagon buga takardu muka fi kowa shan wahalarsa, sau da yawa sai na shiga saitin firintocin Windows na cire kunshin direban da hannu, bayan na tsayar da Print Spooler, mai jera ayyukan bugawa, na sake tayar da shi.

Akwai kuma wata matsala da take kama da ta Hajiya amma asalinta daban. Manhajojin da aka ɗora ta hanyar Windows Installer suna ajiye kwafin fayil ɗin cirewarsu a wata ɓoyayyiyar folda mai suna Installer a cikin foldar Windows. Foldar tana girma har ta kai giga da yawa, sai wani mai neman fili ya gan ta ya goge. Daga ranar manhajoji da dama ba za su ciru ba, ba za su sabuntu ba, sai su riƙa neman fayil ɗin asali. Ga irin wannan nakan fara da ɗan kayan gyara na Microsoft da aka yi don matsalar ɗorawa da cirewa, wanda ke gyara rajistar ta hanyar da Windows ta sani. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ka taɓa waccan foldar komai ƙarancin fili.

Maganar wurin komawa ma tana buƙatar faɗakarwa. Revo tana ƙoƙarin ajiye shi kafin ta fara, amma idan System Protection, saitin da ke ba da damar ajiye shi, a kashe yake, babu abin da za ta ajiye, kuma a kwamfutoci da yawa masu Windows 10 a kashe nake tarar da shi. Kada kuma a dogara da cewa Windows tana ajiye kwafin rajista da kanta kamar da. Tun sabuntawar 1803 ta shekarar 2018 ta daina cika foldar RegBack, inda take ajiye wannan kwafin. Don haka kafin in yi aiki mai nauyi nakan duba kariyar a kunne take, idan kuma reshe ne da nake shakka, in buɗe regedit, tagar gyaran rajista, in fitar da kwafinsa in ajiye a gefe. Ba na kuma fara wannan aikin a kwamfutar tebur sai tana kan inbata, ko a ta hannu sai batirinta yana riƙe caji. Ɗauke wuta a tsakiyar cire manhaja yana barin ta rabi a ciki rabi a waje, wanda ya fi inda aka faro muni.

Revo ta kyauta nake amfani da ita, irin wadda ba a ɗorawa, wadda ke tashi daga filas. Wannan yana da muhimmanci a wurina, don ba na son in je cire kaya in bar wani kayan a na'urar mutum. Akwai ta kuɗi, Revo Uninstaller Pro, na kuma gwada ta a kwanakin gwajin da suke bayarwa. Abubuwa biyu ne a cikinta suka burge ni. Ɗaya shi ne cirewar dole, ga manhajar da sunanta ma ya ɓace daga jeri amma kayanta suna nan: ka nuna mata folda ko ka rubuta suna, ta bi sawu. Ɗayan kuma shi ne sa ido a lokacin ɗorawa, ta rubuta duk abin da manhaja ta canja, ranar cirewa ta bi rubutun ta warware. Wannan ya fi hasashe nesa ba kusa ba, sai dai yana amfani ne ga wanda ya fara da shi tun ranar ɗorawa. Ni kuwa na'urorin da ake kawo min an riga an yi ɓarnar. Ga wanda yake gwada manhajoji da yawa a kwamfutarsa, ko mai kula da ɗakin kwamfutocin makaranta, kuɗin zai iya biyan kansa. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, ta kyautar ta wadatar, musamman da yake da dala ake biya.

Kada wannan ya sa a nemi wadda aka fasa. Ana yawo da irinsu a filas, ana tura su ta WhatsApp. Manhajar cirewa da cikakken ikon mai gida take aiki, tana taɓa rajista da foldojin Windows. Idan wani ya cusa mata abu a ciki, ka miƙa masa makullin gidanka da hannunka. Daga shafin kamfanin kawai nake sauke ta. Akwai kuma masu zuwa su ce in share musu rajista don kwanakin gwajin wata manhaja su dawo sabo. Ba na yi. Wani ya zauna ya yi aikinsa ya ce ga kwana 30 ku ɗanɗana, haƙƙinsa ne, kuma ni ma ba zan so a yi wa aikina haka ba. Yawanci nakan nemo musu wata ta kyauta da za ta yi musu aikin.

Ba Revo kaɗai ce a fagen ba. Geek Uninstaller fayil ɗaya ce ƙarama, ta fi Revo saurin tashi, kuma cirewar dole kyauta ce a cikinta ga duk abin da ke jeri. Ina ɗauke da ita a filas ɗin, nakan ɗauko ta idan aikin ƙarami ne. Bulk Crap Uninstaller kuwa kyauta ce gaba ɗaya, lambobinta a buɗe suke ga kowa, kuma ita ce gwanar cire manhajoji da yawa a jere. Idan aka kawo min tokumbo mai tarkace 20, ita nake sa wa. Tana ma nuna matakin tabbacinta a kan kowace ragowa, abin da nake fata Revo ta kwaikwaya. Sai dai fuskarta cike take da bayanai, mai koyo zai rikice. Revo tana tsakiya: tana tafiya da kai mataki-mataki, ba ta ɓoye maka abin da za ta goge, shi ya sa da ita nake koya wa yaran shago. Sauran kayan da aka cusa mata, irin su share tarihin burauza da goge fayil yadda ba zai dawo ba, ban cika taɓa su ba, ban da mai kula da manhajojin da ke tashi da na'ura. Babu Hausa a cikin harsunanta, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba yana buƙatar wani a kusa a karon farko.

Da zan sami kunnen masu yin ta, abu biyu zan roƙa. Su raba jerin foldojin da suka rage gida biyu, su ware duk wadda ke ɗauke da takardu ko hotuna ko zane, su yi mata wani launi, kada Select All ya haɗa da ita. Sannan su riƙa faɗa ƙarara idan na'ura tana da masu amfani fiye da ɗaya, domin kowane mai amfani yana da nasa reshen rajista da nasa AppData, kuma share na wanda ya shiga ba ya nufin an share na sauran. A kwamfutocin shagonmu, inda yara suke da nasu wurin shiga ni ina da nawa, sai na bi ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta dawo a zango na gaba, wannan karon da kwamfutar ofishin makarantar da kuma ɗan nata. Ta ce, "Malam, ga shi nan, ka nuna masa yadda ake yi, tunda hannunsa ba ya zama." Na zaunar da shi kusa da yaron shagona, na ba su wata tsohuwar na'ura da muke koyo a kanta, suka cire wata manhajar sauya bidiyo da ta zo da tarkacen burauza. Da jerin rajistar ya fito, na ga linzamin ya nufi Select All, sai yaron shagon ya riƙe masa hannu ya juyo ya ce, "Oga, zo ka duba mana wannan layin, sunan kamfanin ne a jiki ba na manhajar ba." Na duba, na wata manhajar ce daban da ke kan na'urar. Muka bar shi, muka goge sauran 11.